Yadda Ake Gane Ƙazuwa da Jinyarta Har Ta Bar Gida

Da zarar hunturu ya kankama a Kano, aka fara haɗa bargo ana kwana a cunkushe, wanka kuma ya zama sai an dafa ruwa, masu ƙaiƙayi sukan yawaita a layin asibitocin sha-ka-tafi. Da yawansu ƙazuwa ce ke damun su. Maganinta ba ya wuyar samu, amma za ku ga mutum ya dawo da ita sau biyu sau uku, kuma in kun bincika, galibi dalilin ba ya wuce biyu: ko dai ba a shafa maganin daidai ba, ko an yi wa mutum ɗaya an bar sauran 'yan ɗakin. Wannan bayani na sababbin ma'aikatan jinya ne da ma'aikatan lafiya masu shiga unguwanni. Uwa ko malamin tsangaya ma zai amfana da shi, amma rubuta magani aikin likita ne ko wanda aka ba izinin hakan a asibitinku.

Kayan aiki

Domin dubawa: safar hannu, tocila mai haske sosai, gilashin ƙara girma in akwai, alƙalami mai tawadar ruwa, auduga, sifirit, sikeli, ma'aunin zafin jiki, da labule ko ɗakin da mutum zai tuɓe ba tare da an gan shi ba.

Domin magani: man permethrin mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, ko ruwan benzyl benzoate mai kashi 25. Sai sirinji babba ko kofi mai awo domin sirkawa, kwalba mai tsabta da murfi, abin yanke farce, sabulu mara ƙamshi, basilin ko man kaɗe, da ruwan calamine.

Domin gida: manyan ledoji da igiyar ɗaurewa, tukunyar dafa ruwa, dutsen guga, da kaya wankakku da kowa zai canza washegari.

Mataki na 1: Tambaya kafin dubawa

Ƙwaro ne ɗan mitsitsi da ido bai cika gani ba ke kawo ƙazuwa. Macen tana haƙa rami a saman fata tana zuba ƙwai biyu zuwa uku a rana. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 3 zuwa 4, ya girma cikin kamar mako biyu. A jikin mutum mai lafiya ƙwarin ba su cika wuce 10 zuwa 15 ba. Tsananin ƙaiƙayin daga yadda jiki ke yaƙi da ƙwaron da ƙwansa da kashinsa ne, shi ya sa wanda ya kamu karon farko zai iya yin mako 4 zuwa 6 bai ji komai ba, alhali yana rabawa. Wanda ya taɓa yi kuwa, cikin kwana ɗaya zuwa huɗu zai fara susa. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ƙazuwa cikin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su.

Tambayoyi huɗu ne ke buɗe hanya. Ƙaiƙayin ya fi tsanani da dare, har ya hana barci? Akwai wani mai susa a gidan? Da wa ake kwana, kuma akwai wanda ya dawo daga makarantar kwana, tsangaya, ko ƙauye kwanan nan? Me aka riga aka shafa?

Ku kula da yadda za ku yi tambaya ta biyu. Mutane suna ɗaukar ƙazuwa ciwon ƙazanta, saboda haka in kuka ce "Akwai masu ƙazuwa a gidanku?" za a ce babu. Gara ku ce, "Hajiya, yaran da suke kwana da shi, kina jin suna soshe-soshe cikin dare?" Nan take za ta fara lissafo muku su. Ku kuma faɗa mata a fili cewa mai wanka sau uku a rana ma yana kamuwa, tunda haɗuwar fata da fata na tsawon lokaci ne ke yaɗa ta. Musabiha a bakin masallaci ba ta cika kawo ta ba.

Mataki na 2: Duba fata daga sama har ƙasa

Ku sa safar hannu, ku nemi haske mai kyau, hasken rana ya fi. Mace ta duba mace in da hali, yaro kuma a gaban uwarsa ko wanda ya kawo shi. Kada ku tsaya a inda aka nuna muku kawai.

Ku fara da hannu: ku ware yatsu ɗaya bayan ɗaya ku leƙa tsakaninsu, sai cikin wuyan hannu, gwiwar hannu, gaban hammata, kewayen cibiya, ƙugu inda mazagi ko ɗaurin zani ke zama, ɗuwawu, da cinyoyi. A mata a duba kewayen kan nono. A maza, ƙulli-ƙulli masu ƙaiƙayi a kan mazakuta ko marena alama ce mai ƙarfi ƙwarai, kuma saurayi ba zai faɗa da kansa ba sai an tambaye shi cikin sirri. Babba ƙazuwa ba ta cika taɓa masa fuska da kai ba. Jariri da tsoho kuwa har fatar kai, bayan kunne, tafin hannu da tafin ƙafa, inda takan fito kamar 'yan ƙananan bororo masu ruwa.

Ramin ƙwaron siririn layi ne a karkace, tsawonsa bai cika kai santimita ɗaya ba. A baƙar fata yana wuyar gani, kuma jan da littattafan Turai ke nunawa ba ya fitowa sosai a jikin mutanenmu, sai dai ku ga ƙuraje masu duhu da sawun farce. In kuna shakka, ku goga tawada a wurin, ku share da auduga mai sifirit. In akwai rami, tawadar za ta maƙale a ciki ta bar ɗan layi. Rashin ganinsa ba ya kore cutar, domin susa kan rusa shi. Ƙaiƙayin dare, ƙuraje a wuraren da aka lissafa, da wani mai susa a gida sun isa a fara magani.

Ba kowane ƙaiƙayi ne ƙazuwa ba. Ƙurajen zafi na bazara ne, a wuya da goshi da baya, ba sa shiga tsakanin yatsu. Cizon kuɗin cizo yana jeruwa a inda tufa ba ta rufe ba. Makero zagaye yake yi mai gari-gari, in a ka ne gashi ya kakkarye, kuma na ka ba ya jin man shafawa shi kaɗai, sai an haɗa da na sha kamar griseofulvin na makonni. Ƙyasfi dabbare-dabbare ne a ƙirji da baya, ƙaiƙayinsa kaɗan. Busasshiyar fata mai kaushi a lanƙwasar gwiwar hannu da bayan gwiwa, mai tafiya tana dawowa ba tare da kowa ya ɗauka ba, wata cuta ce daban. Wani abu kuma da bai kamata ya wuce ku ba: tabo mai haske wanda ba ya ƙaiƙayi, kuma in an shafa auduga mutum bai ji ba, a tura shi gwajin kuturta. Ana warkewa, maganinta kuma kyauta ne.

Ku zana hoton jiki a kati ku sa alama inda kuka ga ƙuraje. Bayan mako biyu da shi za ku gane sabo da tsoho.

Mataki na 3: In ƙurajen sun yi ruwa, da su za a fara

Susa tana yage fata, ƙwayoyin cuta su shiga. Za ku ga mugunya, ɓawo mai launin zuma, kumburi, wani lokaci da kaluluwa da zazzaɓi. Kada a zuba benzyl benzoate a kan irin wannan fata. Raɗaɗinsa zai sa yaro ya yi ihun da uwar ba za ta sake yarda ta shafa ba.

A jiƙa ɓawon da ruwa mai ɗumi da sabulu har ya yi laushi, a share a hankali, a yanke farce. In wuraren kaɗan ne, man mupirocin, mai kashe ƙwayoyin cuta, sau uku a rana na kwana 5 zuwa 7 yakan isa. In suna da yawa ko akwai zazzaɓi, likita zai rubuta na sha kamar cefalexin ko cloxacillin. Bayan kwana ɗaya zuwa biyu da fara wannan sai a shiga maganin ƙazuwar.

Wannan mataki ba na wasa ba ne. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin da ke shiga gyambon yana iya taɓa ƙoda makonni bayan fata ta warke. Ku gaya wa uwa: in ta ga fuskar yaro ta kumbura da safe, ƙafa ta tasa, fitsari ya ragu ko ya koma kalar shayi, ta kai shi asibiti a ranar, a gwada fitsari da hawan jini.

Mataki na 4: Lissafin mutane da zaɓen magani

Ku ɗauki biro ku rubuta sunan kowa: masu kwana ɗaki ɗaya, miji da dukan matansa ko da ɗakuna daban ne, mai goyon jariri, 'yar aiki, kaka mai kwana da jikoki. Mai susa da mara susa duk za a yi musu, kuma a dare ɗaya. A gaban kowane suna ku sa shekaru, nauyi, da ko akwai ciki ko shayarwa.

Permethrin ne zaɓin farko. Ba ya raɗaɗi sosai, ana yi wa jariri daga wata biyu, da mai ciki da mai shayarwa. Babba yana buƙatar giram 30 a shafawa ɗaya, mai jiki har 60. Ɗan shekara 6 zuwa 12 rabin bututun giram 30, ɗan shekara 1 zuwa 5 kwata, ƙasa da shekara rabin kwata. Yana kwana a jiki awa 8 zuwa 12, a maimaita bayan kwana 7. Maimaicin dole ne, domin ƙwan da ya tsira a karon farko ya ƙyanƙyashe kafin lokacin.

In babu shi ko kuɗi bai kai ba, benzyl benzoate ya fi araha kuma yana aiki, sai dai yana da zafi a fata. Babba da wanda ya haura shekara 12 a shafa yadda yake, kamar mililita 100 a shafawa ɗaya, ya yi awa 24. Ɗan shekara 2 zuwa 12 a sirka rabi da rabi, wato mililita 50 na magani da 50 na ruwa mai tsabta, shi ma awa 24. Waɗannan za su wanke su sake shafawa a rana ta biyu, sannan a maimaita bayan mako. Ƙasa da shekara biyu, in ba yadda za a yi, kashi ɗaya na magani da kashi uku na ruwa, awa 12 kawai, ɗan ƙasa da wata shida kuma awa 6, ba a yi musu na rana ta biyu. Mai ciki ma awa 12, sau ɗaya. Ku yi sirkin da hannunku a asibiti, ku rubuta sunan yaron a jikin kwalbar. In kuka bar wa gida, sau da yawa kwalba ɗaya za a yi wa kowa da ita. A girgiza kafin a shafa.

Jaririn da bai kai wata biyu ba a kai shi wurin likita. Yawanci man farar wuta mai kashi 5 ake ba su, dare uku a jere.

Akwai kuma ƙwayar ivermectin, wadda ta fi dacewa in mutane suna da yawa, kamar tsangaya ko ɗakin kwanan ɗalibai, inda shafa wa kowa mai daga wuya zuwa ƙafa zai yi wuya. Da nauyi ake ba da ita. In ƙwayar mai miligiram 3 ce: kilo 15 zuwa 24 guda ɗaya, 25 zuwa 35 biyu, 36 zuwa 50 uku, 51 zuwa 65 huɗu, 66 zuwa 79 biyar. A maimaita bayan kwana 7 zuwa 14, tunda ba ta kashe ƙwai. Ba a ba yaron da bai kai kilo 15 ba, ba a ba mai ciki. Wanda ya daɗe a dazuzzukan kudancin Najeriya ko Kamaru a sanar da likita tukuna, saboda tsutsar ido da ake samu a can tana iya jawo matsala babba in an sha wannan magani.

Mataki na 5: Shafawa

Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi kuskure. Kada ku miƙa magani ku ce "a shafa". Ku nuna a hannun yaron a gaban uwarsa, sannan ku ce ta maimaita muku da bakinta.

A yanke farce. In za a yi wanka, a yi da ruwa mai ɗan ɗumi, a goge jiki, a jira fata ta bushe ta huce. Fata mai zafi tana zuƙe magani zuwa cikin jini maimakon ya zauna a sama inda ƙwaron yake. Kada a shafa basilin ko wani mai kafin magani.

A fara daga ƙarƙashin haɓa da bayan kunne a gangaro, ko'ina, har inda babu ƙurji ko ɗaya. Masu ɗiga magani a kan ƙuraje kawai su ne masu dawowa. Wuraren da ake mantawa: tsakanin yatsun hannu da na ƙafa, ƙarƙashin farce, cikin cibiya, ƙarƙashin nono, tsakanin ɗuwawu, fatar al'aura ta waje, tafin ƙafa, da tsakiyar baya, wanda sai wani ya taimaka. Ƙarƙashin farce a tura maganin da tsohon buroshin haƙori, domin nan ƙwaro da ƙwai ke maƙalewa wajen susa. Yaro ƙasa da shekara biyu, tsoho, da mai raunin garkuwar jiki a haɗa da fatar kai da fuska, a kauce wa ido, hanci da baki. A jira minti 10 zuwa 15 ya bushe, sannan a sa kaya wankakku. Jariri a sa masa safa a hannu kada ya tsotsa. Mai shayarwa ta wanke kan nono kafin ta ba shi, ta mayar da magani bayan ya gama.

Sai maganar alwala, wadda takardar cikin kwali ba za ta gaya muku ba. Duk inda ruwa ya taɓa, magani ya tafi, kuma hannu da ƙafa su ne gidan ƙwaron. Da permethrin abin da sauƙi: a shafa bayan sallar isha'i, a wanke da asuba. Daga ƙarfe tara na dare zuwa biyar na asuba awa takwas ke nan cif, kada a gaza haka. Benzyl benzoate mai awa 24 kuwa zai ratsa salloli biyar, saboda haka a ajiye kwalbar kusa da buta, a sake shafa wa hannu, damtse da ƙafa bayan kowace alwala, haka bayan tsarki da wanke hannun cin abinci. Matar da ke wanke-wanke da girki ta zaɓi ranar da za ta samu mai kama mata.

Mataki na 6: Kaya da shimfiɗa

Ƙwaron ba ya wuce kwana 2 zuwa 3 a raye in ya bar jikin mutum. Don haka kayan da aka sa ko aka kwanta a kai cikin kwana uku kafin magani su ne abin kula, ba duk kayan da ke cikin sif ba. Da safen da za a wanke magani a kwashe zanin gado, rigar matashi, bargo, tawul, zanin goyo da tufafi, a jiƙa a ruwa mai zafin da hannu ba zai iya zama a ciki ba, a wanke, a shanya a rana, a goge in da hali.

In ruwa ya yi tsada, kamar yadda yake a unguwannin da sai an saya wurin 'yan garuwa, ga hanya mai sauƙi: a zuba kayan a leda, a ɗaure bakin tam, a ajiye aƙalla kwana uku, mako guda ya fi kwanciyar hankali. Katifa da tabarma a fitar da su rana, a juya. Kayan gwanjo da aka saya a Ƙofar Wambai ko wani wuri, a wanke a goge kafin a sa. Ba a buƙatar feshin ɗaki, ba a ƙona katifa.

Abubuwan da za ku hana da babbar murya: baƙin mai na inji, kalanzir, da fiya-fiya. Ana shafa wa yara su, suna ƙona fata, fiya-fiya kuma guba ce da ke ratsa fata ta iya kashe yaro. Haka zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta mai yawa a ruwan wanka, yana ƙara busar da fata ne kawai. Sai mayukan kemis masu haɗe-haɗe da na bilicin, waɗanda ke ɗauke da betamethasone ko clobetasol. Suna kwantar da ƙaiƙayi kwana biyu, mutum ya ɗauka ya warke, ƙwaron kuwa yana ta hayayyafa, kamannin ƙurajen ma su canza har ma'aikaci ya kasa gane su. Shi ya sa ake cewa a zo da duk abin da aka shafa a gani.

Mataki na 7: Bayan magani

Ku faɗa tun ranar farko cewa ƙaiƙayi zai iya ci gaba mako 2 zuwa 4 bayan ƙwarin sun mutu, kafin fata ta zubar da ragowarsu. Wanda ba a gaya wa ba zai yi ta maimaita benzyl benzoate kullum har fatarsa ta ƙone, ya dawo da sabon ciwo. A wannan lokaci basilin ko man kaɗe bayan wanka, calamine, da maganin rage ƙaiƙayi na chlorphenamine da dare in an rubuta, su ne abin yi. Ƙullin marena da hammata yakan yi watanni kafin ya baje. Yaro zai iya komawa makaranta bayan awa 24 da shafawar farko.

A dawo bayan mako biyu. Ku ɗauko katin da kuka zana. In babu sabon ƙurji kuma barci ya fara samuwa, ana kan hanya. In akwai sababbi, ku koma kan lissafin sunaye ku bi ɗaya bayan ɗaya. Galibi za ku tarar maigida bai shafa ba don ya ce shi ba ya susa, ko wani yaro yana makaranta ranar da aka yi, ko an tsallake na kwana bakwai.

A tsangaya, da Malam za ku fara. Ku je ku gaishe shi, ku ce, "Allah gafarta Malam, so muke a yi wa ɗalibai gaba ɗaya a dare ɗaya, har da gardawa, in aka bar mutum biyu za ta dawo wa kowa." Ku raba aikin ga manyan ɗalibai, kowanne da yaran da zai tsaya a kansu, ku tanadi ledoji da ranar shanya tabarmi.

Waɗanda za a tura babban asibiti

Jariri ƙasa da wata biyu, mai zazzaɓi da kumburin da ke yaɗuwa, mai alamun ƙoda, da wanda aka yi wa magani daidai sau biyu bai warke ba. Yara ana iya kai su Asibitin Hasiya Bayero, manya Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, inda ake samun likitocin fata.

Akwai kuma nau'i mai ɓawo. Za ku ga fata ta yi kauri tana farfashewa kamar busasshen laka a hannu, ƙafa, gwiwa ko kai, farce ya yi kauri, ƙaiƙayin kuma wani lokaci kaɗan ne. Yana kama tsofaffi, masu cutar da ke karya garkuwar jiki, masu tamowa, da waɗanda suka daɗe suna amfani da mayukan haɗe-haɗe da na bilicin da aka ambata a sama. A jikin irin wannan mutum ƙwarin dubbai ne har miliyoyi, garin fatarsa da ke zuba a gado ma yana yaɗa cutar. In kuka ga gida ko ɗakin kwanciya na asibiti da ƙazuwa ta ƙi ƙarewa, ku nemi irin wannan majinyaci, sau da yawa tsoho ne da ke kwance a ɗakin baya. A keɓe shi, mai kula da shi ya sa safar hannu da riga mai dogon hannu, a kwashe shimfiɗarsa a leda ba tare da an kakkaɓe ba, a share ɗakin kullum. Maganinsa ivermectin ne sau da dama haɗe da na shafawa da man da ke tausasa ɓawo, a hannun likita, tare da binciken abin da ya raunana masa jiki.